Idon Ɗan Fari

Ɗana na fari ba nawa ba ne, na Inna ne, uwar mijina. Haka ake yi a Kurfai. Ranar da aka yaye shi ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ni kuwa na koma kamar maƙwabciya. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai in juya baya in ci gaba da dakana. Kunyar ɗan fari ke nan. Amma ba wanda ya hana ni kallo ta wutsiyar ido, kuma kallon nan na iya shi fiye da kowane aiki.

Zamanin Nasara ne, kumanda, Baturen da ke mulkin ƙasar, na zaune a Filinge. An gama yankan gero, mijina ya bi ƴan ci-rani zuwa Kumasi, aka bar mu mata da tsofaffi a ƙauye.

Abinci yaron ya fara ƙi. Shi da ke bin Inna da ludayi yana kukan fura, sai ga shi ana miƙa masa yana kau da kai. Ranar da aka sa man shanu a tuwo, ƙamshin kawai ya ji ya yi amai. Inna ta ce zazzaɓin kaka ne, ta jiƙa masa sassaƙe mai ɗaci.

Sharar bayan ɗaki aikina ne, don haka na ga abin da ba wanda ya gani. Inda ya yi fitsari, yashin ya yi duhu kamar an zubar da shayin Buzaye. Kashinsa kuma fari-fari, kamar farar ƙasar shafe. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo, don ina ƙarama na ga irin wannan ga ƙanena, kuma bai ga damina ba.

Wata safiya ina sheƙa, ya zo ya tsaya kusa da turmi, ya ɗaga kai yana kallon ƙaiƙayi na tashi. Rana ta faɗa masa a fuska. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kullum Inna na sa masa kwalli, amma cikin ɗakinta mai duhu take sawa, ga idonta ya fara hazo.

Na same ta tana kaɗi. Na durƙusa, na ce, "Inna, wancan naki, kamar idonshi..."

"Mi ya kai ki ga idonshi?" in ji ta. "Ku ɗiyan zamani ba ku da ta ido. Jikan nan mijina ne, ni na san shi."

Matan gidan suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Gobe ma goya shi za ta yi ta kai shi kasuwa!" Na tashi na koma ga turmi.

Da yamma na ji Inna na cewa saifa ce ta kumbura masa, tunda in ta ɗaga shi yakan riƙe ciki yana kuka. Ranar kasuwa za ta kai shi Filinge wurin wanzami a yi masa tsaga. Ni kuwa na lura, ba gefen hagu yake riƙewa ba, dama ne, ƙarƙashin haƙarƙari. Ƙanena ma tsagar aka yi masa, jinin ya ƙi tsayawa.

Ranar kasuwa, an ɗaura wa jaki kaya, mata sun taru a ƙofar gida. Ban san lokacin da na ajiye ƙwaryata ba. Na ɗauki ɗana a gaban kowa, na fito da shi tsakiyar rana, na riƙe haɓarsa, na ja fatar idonsa da yatsa.

"Inna, ki duba. Don Allah ki duba."

Inna ta matso, ta kare rana da tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ta ce a hankali, "Shawara ce."

"Mu kai shi gidan likita tukuna," na ce.

"Nasara ya san shawara?"

"In bai sani ba, Inna, wanzami na nan, ba ya gudu."

Da muka shiga Filinge, ita da kanta ta juya kan jakin zuwa gidan likita.

Ashe likitan ba Nasara ba ne, wani dogon Bazabarme ne da farar riga, Hausarsa na tafiya tana tuntuɓe. Ya ce me ya kawo mu. Inna ta ce, "Shawara." Ya ce, "Tsohuwa, duk wanda ke layin nan shawara ya zo nema. Mene ne ciwon?" Har masu jira suka yi dariya. Da ya kai yaron bakin taga ya buɗe idon, sai dariyar ta bar fuskarsa.

"Wace ce uwarsa?"

"Ni ce," in ji Inna.

"To, fitsarinsa wane launi? Kashinsa fa? Wanne ya riga, amai ko idon?"

Inna ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ke, hwaɗa mishi."

Na juya fuskata ga bango, na faɗa. Na faɗi furar da ya ƙi, da man shanun, da yashin da ya yi duhu, da farin kashi, da gefen da yake riƙewa, kowanne a inda ya zo. Ban taɓa yin doguwar magana haka a gaban namiji ba. Likita na ta cewa, "Yawwa, sai me?"

Ya kwantar da yaron, ya danna hagu, shiru. Ya danna dama ƙarƙashin haƙarƙari, yaron ya yi ƙara. Ya kama hannuna, ba na Inna ba, ya ɗora a wurin. Na ji wani abu mai ɗan tauri yana taɓo yatsuna in yaron ya ja numfashi. "Hanta ke nan," in ji shi. "Ta kumbura. Saifa tana can ɗaya gefen, lafiyarta lau." Ya sa aka tari fitsarin a kwalba, ya girgiza, ya ɗaga ta ga haske. Kumfar da ta taso rawaya ce. Ya ce ta mai lafiya fara take, wannan ɗacin hanta ne ya bi jini ya fito. Ya soki yatsan yaron, ya shafa jinin a gilashi, ya duba, ya ce ba zazzaɓin sauro ba ne.

Da ya ji zancen wanzami sai ya girgiza kai. Ya ce mai ciwon hanta jininsa ba ya saurin tsayawa, kada aska ta taɓa shi. A daina jiƙe-jiƙe, a daina mai. Kunu, ruwan da aka tafasa da ɗan sukari, da kwanciya. In ya fara barcin da ba a iya tashinsa, ko jini ya fito ta hanci, a dawo da gudu. Sannan ya ce, "A riƙa duba idon nan kowace safiya, cikin rana. Wa zai duba?"

"Akwai mai dubawa," in ji Inna.

Kashin ne ya fara komawa launinsa, ni na gani da tsintsiyata. Sai fitsarin ya washe. Idon ne ya fi daɗewa, yana sakin rawayar kaɗan-kaɗan. Wata safiya na ji shi yana jan zanen Inna yana kukan fura, na shiga bayan rumbu na yi ta dariya ni kaɗai har hawaye.

Ranar nan Inna ta kira ni a gaban matan da suka yi mini dariya, ta miƙo mini tandun kwallinta.

"Ungo, marar kunya. Idona ya gaji. Daga yau ke za ki riƙa sa wa mijina, kuma a waje, inda rana take."

Har yau ban kira sunansa ba, ga shi da furfura a gemu. Amma in ya zo gaishe ni, sai na ja shi bakin ƙofa na dubi idonsa tukuna.