Ranar da Na Zama Yaron Sa'ana

Rana ɗaya aka yi mana kaciya ni da shi a Kano, kwano ɗaya muka ci har muka yi gemu. Amma da na iske shi a Guangzhou a shekarar wasannin Olamfik, ya aje tumbi, kwantenoninsa na tashi daga tashar jirgin ruwa ta Nansha, sai na tarar an yi masa ƙarin girma ba a sanar da ni ba. Na kira shi da sunan da aka raɗa masa, ya dube ni kamar na taka masa sallaya da takalmi.

A lokacin an tsananta kan biza. Tawa saura kwana kaɗan, kuma sai da takardar wani kamfani za a ƙara mini, in ba haka ba in koma gida hannu rabbana. Shi ya san wani laoban, wato mai gidan wata masana'antar wandon jins a Xintang. Ya yarda ya kai ni, tun daga bakin mota ya miƙo mini jakarsa. Jakar ko nauyin burodi ba ta kai ba.

A ofishin muka tarar da wani tsohon Bature ɗan Sikotlan, mai duba ingancin ɗinki, sarkin surutu. Ana shan shayi ya ɗaga wando, ya daidaita ƙafafun wandon biyu, ya ce a yaren kakanninsa akwai tsohuwar kalma, *marrow*. Ma'anarta sa'anka, wanda bai fi ka ba, ba ka fi shi ba. Da ita suke kiran ɗan'uwan takalmi, da abokin da kuke shiga ramin haƙar kwal tare. Sai ya nuna mu.

"Ku biyun nan haka kuke, ko?"

Mutumina ya yi dariyar manya, irin wadda ba ta nuna haƙori. "A'a, yarona ne. Jaka yake riƙe mini."

Yaro! Ni da na sha goya shi in ya ga kare.

Laoban ya juyo da hatimi a hannu yana jiran ta bakina, don shi yaron babban kwastoma zai yi wa takarda, ba kowane baƙo ba. Na dubi hatimin, na gyara riƙon jaka.

"Haka ne," na ce. "Yaron Alhaji ne ni."

Aka buga hatimi. Na raina sa'an nan nawa a ranar, kuma har yau ban daina ba. Na sha ba da labarin nan a majalisa don a yi masa dariya, ana kuwa yi. Wurin da na amsa ne kawai nake tsallakewa.