Kunnenta Lafiya, Amma Magana Ba Ta Isa Gare Ta

A shekarun da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni dillalin janareto ne a Tudun Wada. Ba gado na yi ba. Da wankin inji na fara har na mallaki shago, kuma ban taɓa yarda wani ya gwada mini kaya ba. Da wannan halin na tunkari matsalar 'yata ta biyu. In aka aike ta, rabin saƙon take kaiwa. Malamarta ta ce kamar da bango ake magana. Sai na gwada ta da kaina: na laɓe a bayanta na saki makulli, ta waiwayo nan take. Na ce ashe kunnen ƙashi ne, na gaya wa uwarta ƙarshen zango zan cire ta daga makaranta.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Barnawa ce ta tare ni. Ta kawo injinta gyara, ta ga yarinyar ta ƙura wa bakina ido ina mata magana, injuna na ruri a ƙofar gida, inda muke gwaji. Ta ce in daure in kai ta sashen kunne a asibiti tukuna. Na je ne kawai don a daina damuna.

A ɗaki marar hayaniya aka fara gwajin, ta amsa komai. Har na miƙe ina gyara hula, likitan ya ce in zauna. Ya sa mata na'ura a kunne, ya haɗa magana da hayaniya. Nan yarinyar ta daburce, idanunta suka ciko, tana satar kallona don ta san abin da ke biyo baya a gida. Ya ce kunnen na ɗaukar sauti, ƙwaƙwalwa ce ke wahalar tace magana cikin surutu. Na ce, “Likita, wato tana tashi lafiya, sai an ɗora mata lodi?” Ya ce haka ne. Ni da ba na sayen inji sai na jona masa firji da dutsen guga, 'yata na gwada ba lodi.

A makon nan na kwashe gwajin injuna daga gida, ko da yake yaran shagona sun yi ta gunaguni. Na je makaranta na tsaya sai da aka maida ta bencin gaba. Na kafa doka cewa mai magana da ita ya fuskance ta, ya faɗi abu ɗaya ɗaya. Ba ta warke ba, har yau ba ta son gidan biki. Amma ta gama sakandare, ta yi kwaleji, yanzu ita ke koyar da 'ya'yan wasu.

Kayan da na sani na iya gwadawa, ɗan Adam kuwa akwai masu gwada shi. Iyaye, kafin ku ce yaro ya raina ku, ku kai a duba shi, kuma kada ku tashi don an ce kunne lafiya. Ku ce a gwada shi cikin hayaniya, domin a cikinta yake rayuwa.