Waldar da Maliki Ya Gane

Maliki mutumin Ƙauran Namoda ne. Ya shigo Abuja shekarar da sojoji suka sauka daga mulki, lokacin gine-gine na tsirowa ko'ina, motoci na ƙaruwa kullum. A Dei-Dei ya koyi aikin miƙe jikin motar da ta lotse, daga baya ya kafa rumfarsa a Dutse Alhaji. Ba shi da yawan magana, amma mai son sayen mota shi yake nema. Yakan bi jikin motar da maganadisu, inda ya ƙi kamawa ya ce, "Nan ciko ne aka lulluɓe da fenti, kar ka saya."

Akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana sabon hannu, wani dillalin motoci, Oga Yahuza, ya kawo masa manyan fikof na shiga daji da suka yi hatsari, wata gaba ya tafi, wata baya. Ya ce a yanka a haɗa ɓangarori masu lafiya, cikin gona za su yi aiki, ba za su hau titi ba. Maliki ya yi waldar, ya goge, ya fesa fenti.

Bayan shekara shida, wata Talata da hantsi, Madam Rekiya, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya, ta kawo farar fikof. Gefenta ya daki dutse a hanyar gonarta ta Kuje. Maliki ya kwanta ƙarƙashi ya duba ko bugun ya shiga ciki. Sai ya ga ɗinkin walda ya ratsa ƙashin motar daga gefe zuwa gefe. Ya san hannunsa. Tsatsa ta ci wurin, tsaga ta kama hanya, har farcensa na shiga.

Ya daɗe a kwance bai motsa ba.

"Malam Maliki, lafiya?" in ji Rekiya.

"Madam, a ina kika saye ta?"

"Wurin Oga Yahuza, wata huɗu ke nan. Ya ce daga waje ta zo. Ka gama min kafin Asabar, zan ɗauki mamana da mata tara masu cirar gyaɗa."

Maliki ya tuna gangaren hanyar da ramukanta, ya hango mata tara a baya. Ya kuma tuna Yahuza na yanzu, mai filin motoci uku da ƙarti a bakin ƙofa. Zai iya miƙe lotsawar ya yi shiru.

"Madam, durƙusa ki gani."

Ta tattare zaninta ta leƙa. Ya nuna mata tsagar.

"Mota biyu ce aka haɗa. Rami ɗaya mai kyau, ta rabu."

"Inna lillahi! Wane marar imani ya yi wannan?"

"Ni ne."

Ta miƙe a hankali tana kallonsa. Ya zaci 'yan sanda za ta kira. Sai ta ce, "Guda nawa ka yi?"

"Biyu. Ɗayar shuɗiya ce."

Ranar nan motar janwe ta ja fikof ɗin. Rekiya ta kai Yahuza ƙara, Maliki ya tsaya shaida. Sau biyu wasu ƙarti suka zo rumfarsa suna tambayarsa, maƙwabta suka ce ya yi tafiya. Bai jira na uku ba, ya kwashe kayan aikinsa ya koma bayan kasuwar Kuje.

Can yake har yanzu, furfura ta fara fito masa. Yahuza ya rantse bai san wanda ya sayi shuɗiyar ba. Duk ranar da aka ce an yi hatsari a hanya, Maliki kan ajiye guduma, ya tari direbobi yana tambaya wace irin mota ce, wane launi.