Ƙauyen da ba ya cikin taswirar kowa

Shekarun baya, ina ɗalibin tsara ƙasa, aka kawo wasu ɗalibai daga Najeriya mu yi aikin rukuni tare a Garwa. Kowane rukuni zai ɗauki wani yanki na bakin iyaka, ya tsara inda ya dace a sa hanya, rijiya da asibiti, sannan ya yi bayani gaban malamai. Ni aka naɗa shef, wato shugaban rukuninmu, ba don wani ilimi ba. Baƙin ba sa jin Faransanci, namu ba sa jin Turanci, ni kuwa ɗan Hausawan kasuwa ne, sai na zama tafinta, ina ta hura hanci.

Abokina, wani Bafulatani mai shiru-shiru, shi ya zaɓa mana yanki, don ƙauyensu na can. Yayarsa a kan amalanke ta rasu, ana hanyar kai ta haihuwa, kuma tun daga nan mutanen ƙauyen suke jiran asibiti. An ce manyan jami'ai za su zo sauraro. Burinsa ɗaya ne, sunan ƙauyensu ya shiga kunnensu.

Muka raba aiki yadda ɗalibai suka saba. Mu zana ɓangarenmu da taswirar ƙasarmu, su zana nasu da tasu, ranar bayani a haɗa. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da abokina. Na duba taswirarmu ban ga ƙauyen ba, na ce ai yana wajen baƙi. Ashe su ma sun duba tasu, sun ce yana wajenmu.

Ranar bayani muka manna takardun biyu a allo. Abin mamaki, layin iyakarmu da nasu suka ƙi haɗuwa, wani farin fili ya rage a tsakani. Abokina ya taso da sandar nuni, jikinsa bai gama warwarewa ba, ya bi namu da ido, ya bi nasu. Sai ya ɗora sandar a kan farin nan, ya tsaya.

Malaminmu ya matso ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ba ku kuka yi kuskure ba. Taswirarmu ta bar wa maƙwabta wurin, tasu kuma ta bar mana."

Abokina ya ce, "Malam, to su wa muke jira?"

Ni da aikina fassara, na kasa juya maganar nan zuwa kowane harshe. Jami'an kowa ya sunkuyar da kai.

Da aka yi hutu na raka shi gida. Ya yi wa mahaifinsa bayani da Fulatanci, tsohon ya juyo gare ni da Hausa.

"Ɗana, da gaske ne?"

"Da gaske ne, Baba."

Tsohon ya ce, "Da an gaya mana tun farko, ai da ba mu zauna jira ba." Ya kira ƙanensa ya ce a sanar da mutane gobe za a fara buga tubali.

Yau akwai ɗakin shan magani a ƙauyen, ginin ƙasa, da hannunsu suka yi shi. Na tsara garuruwa da yawa tun daga lokacin, amma har yanzu in na ga fari a taswira, sai na je na ga ko akwai mutane a wurin.