Abin da Yaya Ladi Ta Koya a Gidan Bibi Zarmina

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Ladi. Nas ce a ɗakin haihuwa, muna zaune tare a unguwar Germantown a ƙasar waje, ni da ita da 'yarta Saratu.

Wata rana ta dawo daga aiki ta kasa cin abinci. An kawo wata 'yar Afghanistan tana naƙuda, ba ta jin Turanci. Tafintan da aka samu ta waya namiji ne, matar ta ji kunyar gaya masa cewa tun safe take zubar da jini. Da ƙyar aka ceto ta. Ladi ta ce ba za ta ƙara tsayawa a kan mace kamar kurma ba.

Sai ta fara koyon Dari, harshen mutanen Afghanistan, wajen maƙwabciyarmu Bibi Zarmina, wata dattijuwa daga Kabul, babban birnin ƙasarsu. Da Ladi ta gane ba dukansu ke jin Dari ba, ta haɗa da ɗaya harshen nasu, Pashto. Na sha tsokanarta, har a coci. Ta kan ce, "Rifkatu, mai ciwo ba ta kuka da yaren wani."

Da cutar daji ta ɗauke ta, Saratu tana sakandare. Yarinyar ta daina magana, ta daina makaranta. Na kai ta wajen fasto, na kai ta wajen likita, ba ta canja ba. Na tsorata, don amana aka bar mini. Wurin Bibi Zarmina kaɗai take zuwa. Tsohuwar ba ta da Turanci sosai, da Dari take ba ta labarin uwarta. Don ta ji labarin nan Saratu ta koyi harshen, ta nan kuma bakinta ya buɗe. Daga baya ita ma ta haɗa da Pashto.

Yanzu mutanen Afghanistan sun ƙaru a unguwarmu, a bas ma ana jin yarensu. Da Ladi na nan, na san sai ta tare kowace mace ta gaishe ta.

Bana Saratu ta gama karatun nas. Ran nan na ji ta a tsakar ɗaki tana rarrashin wata mai ciki ta waya da Pashto, a hankali, tana jan ƙarshen magana kamar uwarta. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Da ta ajiye wayar ta ce, "Anti, ta yarda ta je asibiti."

Na tashi na ɗora mana tuwo, zuciyata sakayau. Yaya, 'yarki ta tsaya da ƙafarta.