Yatsan Mai Lalube

Shekara ashirin da shida ya yi yana bakanike a rumfar ƙananan jirage, kuma bai taɓa yarda da ido ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Lalube. A bayan kowane fiffike akwai faifan da ke sauka idan jirgi zai tashi. Notin da ke riƙe da shi yana wani lungu da tocila ba ta kaiwa, an soke shi da ɗan fil don kada ya kwance. Da babban yatsa yake gane fil ɗin. In ya ji kaifinsa, sai ya sa hannu a takarda, jirgi ya tashi.

Sai ciwon suga ya shigo masa. Tun bara yatsunsa suka fara mutuwa. Bai gaya wa kowa ba, don ba shi da wata sana'a, ga 'ya'ya huɗu a makaranta.

Ran nan da safe ya zura hannu a fiffiken hagu, ya shafa, ya sake shafawa. Shiru. Ko fil ne babu, ko yatsan ne, bai sani ba.

Matuƙin jirgin ya gaji da tsayuwa. "Baba, tausa kake yi masa? Fasinja uku na jira, rana na yi."

Biro na aljihunsa. Da ya sa hannu a takarda, ba mai tambaya. Ya dubi fasinjojin, har da wata mai goyo.

"Kyaftin, kawo hannunka nan."

"Ni? Yau kuma kura ce ke tambayar hanyar mahauta?"

"Zura kawai."

Matuƙin ya zura, ya fizge da sauri. "Wash! Fil ɗin yana nan mana, har ya soke ni." Ya fara dariya, sai ta tsaya masa. "Baba, dubi yatsanka."

Jini ne ke gangarowa har wuyan hannu. Fil ɗin ya tsaga shi, bai ji komai ba.

Ya goge da tsumman giris, ya tafi ofis ya gaya wa shugaban rumfa gaskiya, ya ajiye biro a tebur. Shugaban bai hana shi tafiya ba.

Kafin azahar ya isa gida. Matarsa na shanya, ta juyo.

"Maigida, lafiya da rana tsaka? Wani abu ya sami jirgin?"

Ya zauna a bakin ƙofa, akwatin sifanu tsakanin ƙafafunsa.

"Jirgi lafiyarsa lau," ya ce.