Takardar da Ta Zaunar da 'Yata

Tas, tas, tas. Wani abu ne yake dukan siminti a jere, ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. Ina tsugune kusa da murhu bayan la'asar ina tankaɗe garin tuwo na fara jin sa. Da farko na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta shigo tana buga ƙafa. Da na kasa kunne sai na gane daga ɗakin ajiya ƙarar take fitowa, inda muke jibge buhunan gero da wake, kuma ƙofar a rufe take.

A lokacin muna zaune a unguwar Yindiski, shekaru kaɗan bayan an ba mu jihar Yobe. Maigidan yana harkar lodin shanu daga Kasuwar Shanu zuwa kudu, wani lokaci ya yi kwana goma ba ya gari. Ƙananan yaran sun tafi Islamiyya. Gidan daga ni sai babbar 'yata mai shekara goma sha uku, wadda na baro kwance a ɗaki tana ciwon kai, har na jiƙa tsumma na ɗora mata a goshi.

Na tura ƙofar. Ita ce. Ta tattare zaninta zuwa gwiwa, ta ɗauko tsohuwar igiyar guga da muka jefar a lungu, tana tsalle da ita tsakanin buhuna. Gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Leɓɓanta suna motsi, ƙirga take yi. Abin da ya fi girgiza ni shi ne fuskarta: murmushi take yi ita kaɗai. Rabona da in ga haƙoran yarinyar nan ya kai wata shida.

Rariyar da ke hannuna ta suɓuce. Na yi salati a raina. Ita ma ta tsaya cak, igiyar ta naɗe mata a ƙafa, murmushin ya ɗauke.

Sai na faɗi yadda muka kai ga wannan rana. Tun da yarinyar ta fara girma na shiga tattalinta. Na hana ta zuwa rijiya, mai ruwa yake kawo mana. Daka kuwa na ce ya wuce, a kai inji. Dandalin da take fita gaɗa da ƙawayenta da yamma na ce ta girme shi. Makaranta mahaifinta yake kai ta a babur, in ba ya nan ƙaninsa ya kai ta. A ganina gata nake yi mata, ina kuma kare mata mutunci. Ba a jima ba ta fara ciwon kai. Abinci sai ta juya cokali ta ture. Barci ya ƙi ta, da safe kuma ta kasa tashi. Abu kaɗan sai kuka. Mun je asibiti an auna jini an ce ba zazzaɓi, an ba mu maganin ƙarin jini. Surukata ta aiko da rubutu da turare, ta ce irin wannan shekarun ne iska take shafar 'yan mata. Mun sha, mun turara. Ni kuma na ƙara tsare ta, ko tsintsiya ba na barin ta ɗauka.

A duk watannin nan ban taɓa zama na tambaye ta abin da take ji a ranta ba. 'Yar fari ce. A gidanmu, kamar yadda iyayenmu suka zo da shi daga Kano, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna son sa a gaban mutane. Ni ma haka aka yi min. Ina son ta har cikin ƙashina, amma son nawa a kwanon abinci yake da tsumman goshi. In zan yi mata magana sai in ce "ke," ina kallon wani wajen.

Don haka da na gan ta tana tsalle, tunanin da ya fara zo min shi ne ashe ƙarya take yi mana. Wata shida ina tashi ina roƙon Allah ya ba ta lafiya, ita kuma ga ta nan ƙalau tana dira kamar ɗan akuya. Na tambaye ta wa ya koya mata wannan, ta sunkuyar da kai ta ce malamar wasanni ce. Na karɓe igiyar na cilla ta kan rufin kwano, na ce ta koma ɗaki.

Kwana huɗu ta yi a kwance. Wannan karon da idon mai zargi nake kallon ta, ina jiran in kama ta tana ƙarya. Ban kama ba. Kunun da na ajiye da safe a nan nake samun sa da azahar. Fuskarta tana bango. Hankalina ya rabu biyu, har na rasa wacce ce ta gaskiya, ta cikin ɗakin ajiya ko wannan.

Rana ta biyar na yafa mayafi na tafi makarantarsu, da niyyar in ce wa malamar ta fita harkar 'yata. Na same ta a bakin fili, gajeriyar mace baƙa, Bangizimiya 'yar asalin yankin, da usur rataye a wuya a kan mayafinta. Hausarta irin ta mutanen nan ce, tana da ɗan nauyi a baki, amma ba ta kewaye-kewaye. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta kai ni ofis, ta buɗe wani fayil ta zaro takarda ta miƙo min.

Rubutuna ne. A farkon shekara na rubuta ta da Turanci, da alƙalami mai kyau, ina jin daɗin cewa na yi sakandare ba sai an rubuta min ba. Na roƙi a cire 'yata daga duk wani wasan fili saboda ta girma. Wallahi na manta da ita.

Malamar ta ce ita ba ta taɓa saɓa wa takardar ba. Duk ranar da aji ya fita fili, 'yata takan zauna a gindin darbejiya, sauran su tara mata takalmansu da jakunkuna. Ta ce, "Kin san sunan da suke kiran ta da shi? Mai gadin takalma. In sun dawo sai su ce, mai gadi, ba a sace komai ba ko?"

Ban taɓa jin wannan ba.

Ta ci gaba ta ce a cikin aji takan koya musu abin da motsa jiki yake yi wa mutum: yadda zuciya take ƙarfi, jini ya zaga, a ji yunwa, barci ya zo da kansa. Takan kuma gaya musu cewa ƙuncin da yake taruwa a ƙirji a irin shekarunsu, wanda ba su san daga ina yake ba, sau da yawa gumi yana rage shi. Wata rana bayan an tashi, 'yata ta tsaya har kowa ya fita, ta tambaye ta ko akwai irin wanda mutum zai yi a inda ba wanda zai gan shi. Ita kuma ta ce mata igiya ma ta isa.

Sai ta tambaye ni aikin da yarinyar take yi a gida. Na fara lissafa mata abubuwan da na ɗauke mata, ina faɗa kamar mai neman a yaba min, ruwa da daka da shara da tafiyar ƙafa. Ban kai ƙarshe ba na ji muryata tana raguwa. Ta dube ni ba da faɗa ba, ta ce, "To Maman yara, me kika bar mata? Mu 'ya'yanmu a ƙauyenmu Danchuwa suna gona tun safe, ba su da rabin gatan taki, amma suna cin tuwo su yi barci."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne duk wannan na san shi. An koya mana a makaranta, na ma ci jarrabawarsa. Ni da kaina na yi gudun ba-da-sanda a sakandare, kuma ina shekarunta ni nake daka tsabar gidanmu. Na san jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Amma da abin ya zo kan 'yata sai na ajiye sanin a gefe. Na ce wa malamar ni tsorona idon maza ne. Ta ja labulen taga ta nuna min filin, katanga ce ta zagaye shi, 'yan mata ne zalla suna gudu da dogayen wanduna, suna ihu suna dariya. A gindin darbejiya ga tarin takalma ba kowa a wajen.

Na ninke takardar na sa a jaka. Da ƙafa na koma gida, ban ma san na wuce masu acaɓa ba.

Da na shiga na mirgino turmi tsakar gida, na zuba gero, na ɗauko taɓarya biyu. Na tsaya a ƙofar ɗakin da take kwance. Sannan na kira ta da sunanta, sunan da aka raɗa mata ranar suna, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Ta ɗago a firgice tana duba ko wani ne ya shigo. Na ce ta taso ta taya ni surfe.

Hannunta ya manta taɓarya. Ta buga gefen turmi sau biyu, gero ya watse, kaji suka taho. Na ce haka za ta yi a gidan miji a koro min ita, ta ce ai ni na koya mata zama. Ban taɓa jin ta mayar min da magana ba sai ranar, kuma ban ji haushi ba. A hankali muka daidaita, in ta ɗaga in sauke. Da daddare ta cinye tuwonta. Washegari na sa aka sauko da igiyar, na kuma rubuta wata takardar, da Hausa wannan karon, layi biyu kawai, cewa a bar ta ta fita fili.

Ba zan ce ciwon ya tafi a rana ɗaya ba. Akwai ranakun da ta koma ta kwanta, kuma surukata ta yi ta faɗa cewa na mayar da budurwa namiji. Amma barci ya dawo, kumatunta suka fara cikowa.

Bayan kamar wata guda, muna zaune a inuwa bayan mun gama daka, tana sheƙe gero a faifai, na yi ƙarfin hali na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Na ce me ya sa ba ta gaya min ba, kuma me take ji a can cikin ɗakin ajiya har take murmushi ita kaɗai. Ta amsa tana juya faifan.

"Umma, ban san ana gaya miki irin wannan ba. Ni dai na lura duk ranar da na yi tsallen, in na idar da sallah ba na roƙon Allah ya ɗauki raina."